Gwangwani Biyar da Ƙwaryar Iya

Ƙamshin gawayi da kifi ne yake kawo mini ita. In na fita Corniche, titin bakin tekun Doha, da yamma, wani a cikin jiragen katakon nan da ke ɗaure a bakin ruwa ya hura wuta zai gasa kifi, sai in ga Iya Delu zaune a gindin murhunta a Yauri, tana juya kifi da ɗan sanda. Kakata ce ta wajen uba. Bandar kifi ce sana'arta, wutarta kuwa ba ta mutuwa, don haka da an idar da sallar magariba nan muke taruwa, mu shida jikokinta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ko a jikinmu.

Ni take ce wa maigidana. Kullum sai ta yi mini gorin cewa ba ta taɓa ganin miji irina ba, ba cefane sai ci, ga tsoro kamar farar kura. Gaskiyarta ce kuwa, ina da tsoro. In za ta fara tatsuniya sai ta buga sandan a bakin murhu, ta ce ga ta nan ta taso daga ruwa, wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu. Mu ce ta zo mu gan ta. Babu mai motsawa.

Wadda ta fi hana ni barci ita ce ta Sarkin Tudu da mutanen tsibiri. Wai sarkin ya nemi mutanen wani tsibiri a tsakiyar kogi su bi shi, suka ƙi. Mashawartansa suka ce kada ya ɓata mashi ko ɗaya, ai mutanen ba su da gona, hatsinsu daga gaɓa suke sayowa. Ya kewaye su da kwalekwale, kwana bakwai za su kawo kansu. Sarki ya kewaye tsibirin, ya sa dakaru a kowane jirgi, ba shiga ba fita.

Can saman kogi akwai ƙauyen masunta. Sarkinsu ya aika wa ɓangarorin biyu cewa shi ba ruwansa, ba zai ba kowa jirgi ko mutum ba. Amma matan ƙauyen suna da 'yan uwa a tsibirin, kuma in iska ta juyo suna jin kukan yara. Sai suka shiga cika ƙorai da gero da kuka da ɗan gishiri, su rufe da faifai, su liƙe da kakin zuma, su saki a ruwa da asuba. Kogi ya san hanyarsa. Ya ɗauke su ya ratsa tsakanin jiragen sarki, ya kai su cikin ciyayin bakin tsibiri. Dakaru suna gani, amma sun ɗauka sadakar mutanen ruwa ce, ba mai son ya taɓa.

Kwana bakwai suka zama wata uku. Sarkin bai taɓa tambayar daga ina ruwan yake gangarowa ba, Iya ta ce wannan ne kuskurensa na fari. Na biyu kuwa, da ya gane, sai ya ba da umarni a soke duk abin da aka ga yana yawo a kan ruwa, kuma dakaren da ya bar ƙwarya ta wuce shi, kansa ne a madadinta. Aka shiga fasa ƙorai, gero na nutsewa. Kwana tara ba abin da ya isa tsibiri.

A nan Iya take rage murya har sai mun matso. Ta ce a kwana na tara masu gadi suka lura da wani abu, suka kasa kallon juna. Kukan yaran da suka saba ji ya tsaya. Sai ta yi shiru ita ma, ta bar mu da ƙarar wuta. Ni dai a nan nake cusa kaina a zaninta.

Washegari 'yar sarkin masunta ta ɗauki babbar ƙwarya ta shiga ruwa da kanta, ta ɓoye kanta a ƙarƙashi tana turawa. Wani dakare ya hango ƙwarya tana tafiya ba yadda ruwa ke tafiya ba. Ya ɗaga mashi ya soka. Ruwan ya yi ja. Kafin rana ta faɗi masuntan da suka ce ba ruwansu sun gangaro gaba ɗaya, su da suka san kowane dutse a kogin. Suka nutsa suka huda jiragen sarki ta ƙasa. Mutumin da ya fita yaƙi da ƙauye ɗaya ya ƙare da biyu, ko gawarsa ba a gani ba. Iya ta ce tatsuniya ta koma ruwa, kowa ya kama hanyar tabarmarsa.

Wata rana na ce mata wannan dakaren mugu ne, Allah ya ƙona shi. Ta dube ni ta cikin hayaƙi, ba ta yi dariya ba.

"Ba mugu ba ne, maigidana. Yana da 'ya'ya a gida. Tsoro yake ji, irin naka."

Na yi fushi har na ƙi cin kifin da ta miƙo mini. Ni a lissafina ɗan tsibiri ne, wanda ake zalunta. Da wannan lissafin na girma, na yi karatun injiniya, aiki ya kawo ni Doha, muka zauna a unguwar Mesaimeer ni da matata Hindatu.

Shekarar da maƙwabta suka rufe wa ƙasar nan hanya ta ƙasa da ta sama da ta ruwa, 'yarmu Safiyya tana da wata huɗu. Nonon uwarta ya ƙafe bayan tiyatar da aka yi mata, yarinyar kuma duk madarar da aka ba ta sai jikinta ya feso da ƙuraje, ta yi ta kashi da jini. Iri ɗaya tak cikinta ke karɓa, wadda likita ya rubuta, ita kuma a mota ake shigo da ita ta iyakar da aka rufe. Da safen nan, cikin azumi, Hindatu ta buɗe kabad ta nuna mini gwangwani ɗaya da rabi. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne kwana na tara.

Kantin magani uku na shiga, babu. A na huɗu, can unguwar Al Aziziya, na tarar da gwangwani biyar a kan kanta. Mai kantin ya tambaye ni ko biyu za su ishe ni, tunda akwai wasu masu nema. Na ce duka. Ya ɗan dube ni, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya zuba mini a leda.

Ban kai ƙofa ba wata mata ta shigo da kayan nas a jikinta, tana haki. Ta ambaci sunan madarar. Mai kantin ya girgiza kai. Ta juya gefe ta kira waya, sai na ji Hausa, irin ta mutanen Jos.

"Babu fa. Wai yanzu-yanzu wani ya kwashe. Na gida ba zai kai gobe ba, Dauda kuma ka san ba ya shan wani. Ina zan je yanzu?"

Taku uku ne tsakaninmu. Ina sanye da kayan aiki, ba abin da zai nuna mata ina jin abin da take faɗa. Na mayar da ledar bayana, na ɗaure fuska kamar wanda bai taɓa jin Hausa ba, na fita. Da azumi a bakina na yi wannan.

Na kai shataletale na biyu kafin muryar Iya ta cim mini. Ba wata doguwar magana, kalmar nan tata ce kawai: tsoro yake ji, irin naka. Na juya da mota, na koma a guje, amma matar ta tafi, mai kantin kuma bai san sunanta ba balle asibitin da take aiki. Na ajiye masa gwangwani biyu, na roƙe shi in ta dawo ya ba ta. Ya ce in sha Allah.

Ba a yi mako biyu ba jirage suka fara shigowa daga tashoshin ƙasashen da ba su shiga rigimar ba, kantuna suka cika. Safiyya ko gwangwani na biyu cikin ukun ba ta gama ba. Na koma Al Aziziya na tarar da wani mutum daban a bayan kanta, ya ce shi bai san zancen ba. Na tambayi nas-nas ɗin da na sani, na tambaya a taron 'yan gida, ba wanda ya san mai ɗa Dauda. Watakila ta dawo ta karɓa. Watakila ta samu a wani wuri. Matan da ke sakin ƙwarya su ma ba sa ganin inda take tsayawa, sai dai su ba su fara soke ta ba.

Shekaru ina jin tsoron a kewaye ni. Ban taɓa kawo wa raina cewa mai mashin ma mutum ne da ya bar jaririya a gida ba, sai da na ji nauyin ledar nan a bayana. Iya ta rasu ban gaya mata ba, kuma na san da ta ji ba za ta yi mini gori ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Safiyya ta girma, bakinta ya fi na kakar tawa kaifi. Ran nan muna zaune a Corniche na ba ta tatsuniyar, da na zo wurin mashi ta ce wannan mutumin mugu ne. Na buɗe baki in ba ta amsar Iya, maganar ta ƙi fita. Har yau in na ji wata mata ta kira Dauda, a kasuwa ko a filin wasa, sai na waiwaya in kimanta shekarun yaron. Ban ga wanda ya yi sa'ar Safiyya ba tukuna.