Bu Wartini, Wadda Ta Ƙi Agogon Roba

Ƙarfe biyu saura kwata na kowace rana, in ban da Lahadi, Bu Wartini (Bu muke kiran mace babba, Pak kuma namiji) takan share barandarta, ta ɗaga murfin fiyano, ta goge maɓallansa da wani tsohon kallabi. Sai ta ɗauko agogon tebur ta ɗora a saman fiyanon, fuskarsa na kallon ƙofa. Ita ta san lokaci, mu ake nuna wa. Ƙarfe biyu da kwata daidai yaron farko ya tuɓe takalmi. Bayan minti arba'in da biyar ya mayar da takalminsa, wani ya tuɓe nasa. Haka har a kira magariba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana wannan a layinmu na bayan kasuwa a Salatiga, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye, don yatsunta sun fara yi mata gardama.

An ce ni zan rubuta mata jinjina saboda ni ne sakataren unguwa. Na daɗe a wannan muƙami, ba don iyawa ba, don ni kaɗai ke da injin buga takarda da bai lalace ba. Amma ina da dalilin da ya fi wannan. Ni ne mutumin da aka taɓa aikawa ya tanƙwara ta.

A jikin ƙofarta akwai wani kati da ta rubuta da hannunta. Kuɗin wata, a farkon wata. Wanda ba zai zo ba ya faɗa tun jiya, a sake masa rana. Wanda bai faɗa ba, darasinsa ya wuce, kuɗinsa ma ya wuce. Wanda ya makara, abin da ya rage na lokacinsa shi ne rabonsa. Can ƙasa, da ƙaramin rubutu: ban da rasuwa da zazzaɓi.

Mu kuwa ba haka muka saba da malami ba. Malami ba a yi masa farashi. Naɗe ambulan ake yi a cusa masa a tafin hannu wajen gaisuwa, a ce ga abin da ya sawwaƙa, shi kuma ya ce ai da ba ku wahalar da kanku ba. Bu Wartini a gabanka take buɗe ambulan. Sannan mu mutanen agogon roba ne, in an ce ƙarfe huɗu, to huɗun tana iya miƙewa har biyar da rabi ba ta tsinke ba. Mun yi shekaru muna haƙuri da ita muna murmushi, don murmushi ba ya mana wuya.

Shekara goma sha takwas da suka wuce haƙurin ya ƙare. Watan Babbar Salla ne, kowa na rige-rigen aurar da 'ya'yansa kafin watan Suro, watan farkon shekara, ya kama a daina biki. Bu Retno, matar ɗan kwangilar da ke da gidan sama a bakin layi, 'ya'yanta biyu suka yi Asabar uku ba su zo ba. Matata na wurin ranar da ta je, ita ta kawo min labarin da zafinsa.

"Bu Wartini, ai kin san watan nan," in ji Bu Retno. "Biki uku, duk na dangi. Sai a cire mana ukun nan daga kuɗin watan gobe."

"Allah ya ba su zaman lafiya, Bu. Yaushe katin gayyata ya iso miki?"

"Ya kai mako biyu."

"To ni labarin bai iso min ba sai huɗu da rabi, ina zaune ina kallon kujera. Mutuwa ce ke zuwa ba kati, shi ya sa na yafe mata. Aure kam har da ambulan mai ruwan zinariya yake aikowa."

"Sai ka ce asibiti! Kiɗa ne fa, Bu, ba tiyata ba."

"Kin faɗi gaskiya. Ba wanda zai mutu in kin kai su wani wuri."

Kafin mako ya zagayo an kira taron iyaye. Ni ma ina da nawa ciwon: Laraba ɗaya 'yata Ningrum ta rasa, rufiya dubu talatin, kuma na yi kwana biyu ina auna kwanon miyar nama nawa kuɗin nan zai saya. Aka yanke shawara: kowa ya riƙe ɗansa a gida sai ta sauke katin. Mutum goma sha ɗaya suka sa hannu a takardar da na buga. Aka duba wa zai kai, aka ce ai Pak Haryoko, wato ni, ya iya magana.

Na zaɓi Laraba ƙarfe uku, lokacin Ningrum, don na san ba kowa a wurinta tunda ni na hana yarinyar zuwa. A lokacin gani nake dabara ce ta manya.

Na same ta zaune gefen fiyano, ƙofa a buɗe. Ta kawo shayi. Na bari sai da ta ce bismilla sau uku kafin na taɓa kofin, yadda aka tarbiyyantar da ni. Duk ɗan mutunci ya san ba a shiga gidan dattijuwa a sauke mata babbar magana a bakin ƙofa, sai an zaga. Na tsara awa ɗaya ta zagaye, rabin awa ta magana. Na fara da ruwan sama. Na gangaro kan tsadar barkono, na daɗe a can, don na san fannin. Na yabi mangwaron gidanta, na yi wa marigayi mijinta addu'a, na tambayi jikin mahaifiyarta da ke kwance a ɗaki. Sai na gyara zama, na sa hannu a aljihu, na ce, "Af, Bu, akwai wata 'yar magana da iyaye suka..."

Ta dubi agogo, ta miƙe.

"Lokacinka ya cika, Pak Haryoko."

"Bu, ai ban ma fara ba."

"Ka fara tun ƙarfe uku. Lokacin Ningrum ne, ka biya, ka ga damar kashe shi a kan barkono. Ban hana ka ba. Ga mai huɗu saura kwata can tana tuɓe takalmi."

Na fito daga gidan, takardata na nan a aljihu. A wurin taro na ba da rahoto cewa an tattauna cikin fahimtar juna. Har yau haka yake a rubuce.

Yara goma sha takwas take da su, muka janye sha biyu. Amma mun riga mun biya kuɗin wannan watan, ga mako biyu da rabi a gaba. Gidajenmu kuwa bango a jikin bango suke, in maƙwabci ya yi atishawa kai ke amsa masa. Duk lokacin da ya zama na yaron da aka janye, sai ta buɗe ƙofa, ta zauna, ta kaɗa abin da yaron yake koyo. Tana zuwa daidai inda ya tsaya a darasinsa na ƙarshe, sai ta ɗauke hannu. Ta koma farko. Ta sake zuwa wurin, ta sake ɗauke hannu. Minti arba'in da biyar. Kowane gida ya san kiɗan ɗansa. Ranar Laraba ina zaune da jarida, Ningrum na zaune tana kallona, kiɗan nan na zuwa bakin rami yana tsayawa. Ban karanta layi ɗaya ba.

Aka ce tsokana ce. Mai tallar kayan miya ta kai mata wannan magana, ta dawo mana da amsa: "An biya ni aikin minti arba'in da biyar, ba na cin kuɗin da ban yi wa aiki ba. Kuma ba zan wuce inda yaro ya tsaya ba a bayan idonsa."

Da watan ya ƙare sai kiɗan ya ɗauke. Yara shida ba sa riƙe gida, balle gidan da ke da majinyaciya. Sai ga Bu Wartini da asuba ta fito da tebur ƙofar gida tana soya tempe, wato wainar waken soya, da ayaba. Malamar da ta koyar da rabin layin. Mu kuma muka riƙa saye, don kunyarmu ba ta kai daɗin suyar ba.

Ke ce, Bu, aka aiko miki cewa duk sha biyun za su dawo gobe in kin goge layi ɗaya tak, kika ce a gaida mai aiken. Tsumagiyar kan hanya, fyaɗi yaro fyaɗi babba. Ke ce ba ki taɓa ɗaga murya a kan ɗayanmu ba, ba ki daina gaishe mu ba, kina miƙa mana ayaba a takarda kina ba mu canji daidai, mu muna kallon ƙasa.

A wata na uku wani dillali daga Semarang ya zo duba fiyanon. Daga barandata na hango shi ya buɗe bayansa yana ƙwanƙwasawa kamar mai sayen kankana. Aka yi ciniki, ya ce ranar Litinin zai zo da mota. In fiyanon ya fita, koyarwa ta ƙare, kowa ya san wannan.

Zan so in ce zuciyata ce ta motsa. Matata ce ta motsa ta. Ta ce, "Pak, kai ka buga takardar nan. In aka fito da fiyanon nan, ta ƙofar gidanmu za a wuce da shi. Ni dai zan shige ɗaki, kai sai ka tsaya ka ɗaga masa hannu."

Da safen Asabar na je wurin tebur. Ban tambayi ruwan sama ba, ban ambaci barkono ba. Tun da aka haife ni ban taɓa miƙe magana haka ba.

"Bu, mun yi kuskure. Ina so Ningrum ta dawo."

Ba ta ɗago daga kan kaskon ba. "Laraba ƙarfe uku. Kuɗin wata a gaba."

"Na ji. Amma Bu, sauran fa, kunya ce ta riƙe su. Ki rataya kalanda a kan katin nan ko na wata ɗaya, ba sai kin cire ba. Su samu ta inda za su shigo. Jibi fa za a ɗauke fiyanon."

Sai a nan ta dube ni.

"In na rufe katin, Pak, fiyanon zai zauna, ni ce aka sayar. Gara shi ya tafi, shi katako ne. Ayaba nawa za a sa maka?"

Na sayi biyar. Daga nan na bi gidajen da suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya, ina ƙin zama, ina ƙin shayi. An yi ta maganar rashin tarbiyyata har Ƙaramar Salla. Mutum huɗu na samu, ni na biyar, kuma na ƙarshen bai kawo kuɗinsa ba sai safiyar Litinin. Bu Retno ba ta dawo ba, wasu biyar ma haka. Yara sha ɗaya dai sun isa a ci abinci a sayi magani.

Ƙarfe goma dillalin ya iso da motarsa da 'yan dako. Ta ba shi haƙuri ta ce ta fasa. Sannan ta shiga ɗaki ta ƙirgo masa kuɗin mai da ladan 'yan dako, daga cikin kuɗin da muka kawo mata da safen nan. Mutumin ya ce haba Bu, a bar shi, ciniki ya gaji haka. Ta ce, "Ban faɗa maka tun jiya ba. Karɓi." Fiyanon yana nan inda yake. Katin ma sau biyu ta sake shi, don rubutun ya koɗe, kalma ɗaya ba ta canza ba.

Ningrum ba ta zama makaɗiya ba, kunnena ta gado. Ba zan yi muku ƙaryar cewa layinmu ya fitar da taurari ba. Abin da ya fitar shi ne malama ɗaya da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana cin guminta ba tare da ta roƙi kowa haƙƙinta ba.

Ku matasan da ke koyar da jita da fiyano da goge a ɗakunan haya, ina ganinku. Saura minti goma darasi saƙo ya shigo waya, "Yi haƙuri Malama, yau ba za mu samu zuwa ba," ku amsa da "Ba komai, Bu," alhali da komai, kuɗin haya ne. Ku rubuta naku katin, ku manna inda za a gani. Za a ce ba ku da kara. Wasu za su tafi, ba kuma duka za su dawo ba. Ku dai ku fara riƙe dokar a kan kanku kafin ku riƙe ta a kan wani. Mu iyaye kuma, wanda ke zaune yana jiran ɗanka aiki yake yi, ko ɗan ya zo ko bai zo ba.

Bu Wartini, mun gode. Mun gode da ba ki ji maganarmu ba. Allah ya sassauta wa yatsun nan, ya ba ki hutun da ba wanda zai katse.

Unguwa ta shirya miki walimar ban kwana Juma'ar ƙarshen wata. Masu karatu, duk wanda ya riga ya samu katin da ke cewa ƙarfe uku, ya gyara da biro. Ni na kai mata nata da hannuna, mako biyu kafin ranar, ta karanta ta miƙo min. Ta ce tana da darasi har huɗu saura kwata, yarinyar ta biya kuɗin wata. Na ce Bu, shugaban unguwa da kansa zai zo, lokacin da ya bayar ke nan. Ta ce to a ba shi kujera.

An mayar da walima ƙarfe huɗu. Shugaban ya ce zai jira.