Saiwar China a Bayan Rumbunmu

Shekarun baya mahaifina ya yi doguwar jinya. An sallamo shi daga asibiti, an ce ciwon ya tafi, amma ƙarfi ya ƙi dawowa. Mutumin da ke riga kowa zuwa gona a ƙauyenmu na wajen Minjibir ya koma kwance a zaure, abinci sai an yi da gaske. Ga damina ta matso. Tsorona kar ya sallama wa kwanciyar nan gaba ɗaya.

Wani abokina mai saro kaya daga China ya kawo min wata busasshiyar saiwa, wai jinsen. Ya ce can masu maganin gargajiya kan yanka ta siriri su dafa a romon kaza, a bai wa wanda jinya ta ramar. Na tambayi likitan Baba, ya ce kaɗan ba laifi.

Baba ya jujjuya ta ya miƙo min. "Ni ba na shan saiwar da ban san ganyenta ba."

Ni kuma akwai taurin kai. Na ce to wallahi sai ya ga ganyen. Na haƙa rami a bayan rumbu, na zuba taki, na binne ta. Safe da yamma ina ban ruwa. Ɗan manomi guda, ina shayar da abin da ya bushe ƙamas tun a ƙasar wasu.

Inna ce ta kai masa labari. Da safe sai ga shi yana dafa bango, wai ya zo ganin hauka. Kashegari ma ya fito, ya ce takin ya yi yawa. Daga nan kullum sai ya tako ya yi min faɗa, ya koma ya nemi koko.

Ranar da na ce zan tono in duba, ya ce, "Haka ake riƙe fartanya? Kawo nan." Ya sunkuya ya tona da kansa. Babu komai a ramin sai gara. Dariya ya yi har da tari, ni kuwa hannunsa nake kallo, don rabonsa da fartanya tun kafin asibiti. Na juya baya don kar ya ga hawayena.

Har yau ban san ko saiwar nan tana aiki ba, don bai taɓa shanta ba. Na dai gane cewa Baba ba lallashi yake buƙata ba, so yake a buƙace shi. Da ruwan shuka ya sauka, shi ne a gaba yana saran rami, ni ina biye da iri.