Lambobin da Aka Kafa Kusa da Rufi

Ana idar da sallar asuba muka bar Briqueterie, unguwarmu a Yawunde, ni da wata abokiyar karatuna. Duwala muka nufa, wata Islamiyya a New Bell inda matan aure ke ɗaukar karatu ranar Asabar. Wata uku na yi ina shirya musu katuna goma sha biyu masu lambar QR, zanen nan baƙi da fari da waya ke karantawa. Mace ta saita kyamarar wayarta a kan kati, sai ta ji wata malama tana karanta gajeriyar sura a hankali, ta kuma adana muryar ta saurara a gida. Katunan na aika su tun mako guda. Shugaban makarantar, dattijo abokin mahaifina, sharaɗi ɗaya ya kafa: idan matan suka kasa buɗewa da hannunsu a wannan Asabar, a bar maganar.

Hanya ba laifi, sai dai manyan motocin katako sun hana ni sakewa. A Boumnyebel 'yan talla suka rufe tagogi da gasasshiyar ayaba da bobolo, curin rogon nan da ake naɗewa a ganye. Abokiyata ta cinye nata, ta taimaka mini da rabin nawa. Bayan gadar Edeya hadari ya haɗo, muka shiga Duwala cikin ruwa da cunkoso. Mai bendsikin, wato babur ɗin haya, ya ce ɗari biyar kowa, wai saboda ruwa. Ina jin jakunkunanmu ya gani, amma ban tabbata ba, na biya.

A New Bell lambatu ya cika ya tumbatsa, mutane na bin katakon da aka gitta, ƙamshin tsire na tashi duk da yayyafi. Hausa ake yi, rabinta Faransanci. Muka isa makarantar saura kamar awa biyu a yi azahar, kuma bayan azahar matan ke zuwa.

Da na shiga ajin ban ga katunana ba, sai da na ɗaga kai. Suna can kusa da rufi, a jere, kowanne cikin leda, an kafe shi da ƙusa tsaf. Na miƙa wayata iya tsawon hannuna, ba ta karanta komai ba. Girmansu bai wuce tafin hannu ba. Na hau benci, ta karanta da ƙyar. To wace Hajiya zan ce wa ta hau benci?

Na ce wa shugaban makarantar, "Baba, ko zai yiwu a ɗan sauko da su?"

Ya ce, "'Yata, ke kika ce Alƙur'ani ne a ciki. Ajin nan ruwa na shigowa har ƙauri. Kuma ba kowa ke zuwa da alwala ba."

Na yi masa bayani cewa a iya fahimtata katin ba ya ɗauke da aya ko ɗaya, hanya kawai yake nuna wa waya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji. Amma abin da za a nuna wa waya ya fitar da aya, ba zan sa shi inda za a jingina masa baya ba."

Ban iya cewa ya yi kuskure ba, kuma ba tarbiyyarmu ba ce jayayya da abokin uba. Amma ban yi niyyar komawa Yawunde haka ba. Na yi tunanin tunda ba za su sauko ba, wataƙila idan suka girma waya za ta hango su daga ƙasa. Muka bi ruwa zuwa wani shagon fotokwafi, aka buga mana uku a takarda mafi girma da suke da ita. Abokiyata ta riƙe tsani, na hau na liƙa su daidai inda Baba ya sa na farko, ba leda, don leda na ƙyalli.

Matan suka shigo. Wata Hajiya mai yawan shekaru ta miƙo mini wayarta. "Malama, danna mini."

Na mayar da hannuwana baya, na ce, "Hajiya, yi haƙuri, yau ke za ki danna."

Ta ɗaga, shiru. Ta goge kyamarar da gefen mayafinta, ta matsa gaba taku ɗaya, ta sake ɗagawa. Sai ga basmala ta fito daga wayar. Ta kusa da ita ta ce, "Ça marche, ta yi aiki. Hajiya, yau sai jikoki su shiga layi a bayanki."

Kafin la'asar yawancinsu sun buɗe. Biyu ba su da mega, wato data, na kusa da su suka tura musu muryar. Baba yana tsaye a bakin ƙofa har aka tashi. Ya nuna sama da carbinsa ya ce, "Sauran taran, a buga su da girman nan, a wajen nan."

Ranar Lahadi muka dawo gida lafiya. Ba zan ce aikin ya tabbata ba, Asabar ɗaya ce kawai, kuma ban san ko takarda za ta jure danshin Duwala ba. Abin da na koya dai shi ne, na gwada katunan nan a wayoyi iri-iri, amma ban taɓa tambayar wanda zai kafa su a ina yake ganin ya dace su zauna ba. Makaranta ta gaba, kafin in buga ko kati ɗaya, zan fara zuwa in gaishe da malaminta, in roƙe shi ya nuna mini bangon.