Neman Buroshin Askin Baba

Dutse, Alhamis

Ƙarfe biyar da arba'in na asuba na ja ƙofar gidana a Dutse, ko ruwan zafi ban sha ba, na tari adaidaita zuwa tasha. Abin da ya fito da ni bai fi tsawon tafin hannu ba: buroshin aski.

Mahaifinmu tsohon ma'aikacin reluwe ne, yana zaune a Taura. Tun tasowata shi yake yi wa kansa aski. Ya jiƙa buroshi, ya murza a kan sabulu, ya shafe kumatu da wuya da kumfa, ya bi da reza, ya bar ɗan gemunsa. Wata biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana kwance a asibiti aka share ɗakinsa, aka haɗa da tsohon buroshin aka zubar, wai ya yi kama da shara. Da aka sallamo shi aka kawo mai kilifa, sai ya juya fuskarsa bango. Gashi ya cika masa fuska, ya hana 'yan dubiya shiga, ya ce ba mai kai shi masallaci a haka. Inna ta kira ni ta ce kalma biyu yake ta maimaitawa, sunana da abin da yake so: "Sabi'u. Buroshi."

Ni kuwa kilifa kawai na sani. Kwana uku ina zaga shagunan Dutse. An miƙo mini na goge baki, an miƙo na takalmi, wani ya ɗauko na fenti ya ce ai duk gashi ne. A ƙarshe wani dattijo ya ce in je kasuwar Ringim, akwai wani Alhaji ɗan koli da ba ya rabuwa da tsofaffin kaya.

A tasha ɗan kamasho ya rantse mini mutum ɗaya ya rage. Na biya dubu uku zuwa Gujungu, na shiga. Ashe rabin mutanen da ke cikin bas ɗin zaman cika ido suke yi, da fasinja ya zo sai ɗaya ya sulale. Sai bakwai da ashirin da biyar muka tashi.

Kiyawa, Jahun, Gujungu

Bayan Kiyawa muka tarar da shingen bincike. Jami'in ya buɗe jakata, ya ga reza da sabulu da tawul.

"Wanzami ne kai?"

"A'a, ranka ya daɗe, ma'aikacin ofis ne."

"To ina ƙahon naka?"

Motar ta ɗauki dariya. Daga nan har Jahun wata tsohuwa da ke bayana take ba ni labarin ciwon bayanta, tana tambayar nawa nake yin ƙaho. Na gaji da musu na ƙyale ta.

Tara da hamsin muka sauka a Gujungu. Na sha shayi da burodi na ɗari takwas, shayin duk sukari. Na shiga ƙaramar mota mai zuwa Ringim, dubu ɗaya da ɗari biyar, mu biyu a kujerar gaba, giya tana dukan gwiwata duk sanda direba ya canja. Goma da arba'in muka ratsa Taura. Ina kallon hanyar gidanmu, na sunkuyar da kai kada wani ya gane ni ya kai wa Inna labari. Ba zan shiga wajen Baba hannu rabbana ba.

Ringim

Daga Taura bai wuce kilomita ashirin ba, mun isa sha ɗaya da minti goma. Na tambaya har aka nuna mini rumfar Alhaji ɗan koli. A rufe. Ya tafi ta'aziyya, sai bayan azahar.

Na zauna a kan benci ina huci. Wani tsohon wanzami da ke rumfar kusa, yana wasa askarsa a kan fata, ya ce, "Samari, wa ya taɓa ka?" Na kwashe komai na gaya masa. Ya ci gaba da wasa askarsa.

Biyu saura kwata Alhaji ya iso. Ya tono wani kwali daga ƙarƙashin zare da allurai, ya kaɗe, ya jera mini buroshi uku. Na farko a cikin akwatinsa, mariƙinsa na sheƙi, gashinsa tsaye ƙyam.

"Wannan shi ne na manya," in ji Alhaji. "Dubu shida."

Na sa hannu a aljihu. Sai wanzamin ya matso ya ce, "Juya akwatin tukuna."

Na juya. Hoton alade ne ƙarami a gefe, da haurensa.

"Innalillahi!" Alhaji ya ture shi gefe kamar ya taɓa wuta. "Shekara nawa abin nan yana rumfata ban duba ba!"

Gumi ya keto mini. Saura ƙiris in shafa wa mahaifina gashin alade a fuska ranar Juma'a.

Na biyun ɗari takwas ne. Wanzamin ya ja gashin a hankali, sai ga shi ya biyo yatsunsa. Ya ce, "Wannan zai ƙara wa tsohonka gemu ne."

Na ukun mariƙin katako ne, gashinsa na roba, fari fat. Na ce bai yi kama da na Baba ba. Wanzamin ya tsoma shi a ruwa, ya murza a sabuluna, ya kama hannuna ya shafa a cikin tsintsiyar hannu.

"Ya soke ka?"

"A'a, Baba."

"Ja gashin. Ya zube? Shinshina. Yana wari? To me kake nema kuma? Fatar tsoho ba ta son tauri."

Na biya dubu uku. Kafin in tafi ya zaunar da ni, ya nuna mini a fuskata: ruwa mai ɗumi tukuna, reza ta bi kwanciyar gashi. Ya ce, "Kumatun da ya shanye zai saki. Ka ja fatar da yatsa biyu ta miƙe, in ba haka ba ka yanke shi, shi kuma ba zai ji ba balle ya gaya maka." Na miƙa masa na goro, ya ture hannuna.

Taura, Juma'a

Huɗu da ashirin na yammacin Alhamis na isa gidanmu. Baba yana barci, Inna ta ce in bari sai da safe. Na ci tuwon gero da miyar kuka, na kwana a ɗakin zaure.

Washegari ƙarfe tara na shiga da ruwan ɗumi a kwano. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora masa buroshin a hannun hagu. Ya murza gashin da babban yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Roba," ya ce.

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan lissafa masa tashar Dutse da shinge da alade, sai na ga yana miƙa buroshin wajen kwano. Na matso masa da ruwan, na riƙe sabulun. Da hannun hagu ya murza, ya shafa da kansa. Kumfa ta shiga kunne, ta zuba a riga. Na kai hannu zan karɓa, ya harare ni, na janye.

Rezar ce kawai ya bar mini. Minti arba'in na yi, ina jan fatar da yatsa biyu. Sau ɗaya na ɗan yanke shi a ƙarƙashin haɓa. Da na gama na ɗaga masa madubi. Ya juya nan, ya juya can, ya ɗora yatsa a gefen wuya.

"Ka bar nan."

Na gyara. Ya sake dubawa, sannan ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga tsakar gida: "Babbar riga." Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi, ta juya da sauri wajen akwati. Mu biyu muka riƙe shi zuwa masallaci, ni da maƙwabcinmu, yana amsa gaisuwar mutane da kai.

Komawa

Uku da rabi na tashi daga Taura, motar ta yi faci a Jahun, na shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa tsohon wanzamin Ringim, wanda haushi ya hana ni ko tambayar sunansa. Allah ya saka masa da alheri, ya ba Baba lafiya.