Faifan da Ke Cikin Farin Ƙyalle

Ina da shekara talatin da bakwai, da mata da 'ya'ya biyu da shagon gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi, lokacin da ƙuruciya ta dawo ta kama ni. Muna yara akwai wani gidan gem a bayan kasuwa mai injina biyu, dogayen akwatuna masu sanda da maɓallai, mutum yana tsaye yana dambe da wani a cikin gilashi. Mahaifinmu, wanda kowa har mu 'ya'yansa ke kira Malam, ya hana mu zuwa. Sau uku na je, sau biyu na sha bulala. Da na gano akwai manhajar da ke sa tsohuwar kwamfuta ta kwaikwayi waɗancan injinan, sai na ce wallahi sai na haɗa nawa, in ga wanda zai doke ni yanzu.

Ban kashe wani abin kirki ba. Na taɓa sayen tarin matattun kwamfutocin wani ofis, duk iri ɗaya. Na ciro uwar allo daga wannan, ram daga waccan, na wanke fanka na ɗiga mata mai. Sanda da maɓallai kaɗai na yi odarsu. Wani kafinta ya yi min akwati da ragowar katako, yana ta tambaya ko kejin kaji ne. Saura faifan ajiya, wanda za a zuba manhajar da wasannin a kansa, shi ma ina da guda a kan tebur.

To akwai wani faifan, ɗan uwan wancan, kamarsu ɗaya har tambari, don daga tarin nan na ciro shi shekarun baya. A cikinsa muryar Malam take. Shekara da shekaru yana karantar da littattafai a zaure, ɗalibai suna ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa na zauna wata huɗu ina juyar da kasusuwan nan ɗaya bayan ɗaya zuwa faifan. Su kasusuwan aka kai su Argungu, gidan yayana, inda mahaifiyarmu Inna ta koma da zama. Shekarar da ruwa ya shiga unguwarsu suka jiƙe suka lalace gaba ɗaya. Inna ta ce abin da ke ɗauke da ayoyi ba a barinsa a ƙasa, don haka na naɗe faifan da farin ƙyalle na ɗora kan wadirob. Yaya kuwa duk haɗuwarmu sai ya ce in kwafa a wani wurin. Ni kuma haushi nake ji manomin shinkafa yana koya min aikina, sai in ce masa to.

Inna tana da 'yar rediyo mai cin memori, a ciki na zuba mata karatun. Duk azumi bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma ta kunna. A watan Sha'aban na shekarar nan ta kira ni ta ce memorin ya daina magana, ta kai an duba an ce ya mutu, in kawo mata wani kafin a ga wata. Na sauko da faifan, na warware ƙyallen, na ajiye shi a hannun dama na tebur, faifan wasa yana hagu. Na ce ina gama abin da ke gabana zan kwafa. Ana haka kafinta ya iso da akwati, muka ture kaya don a sami wuri, na kwashe faifai biyun na mayar ba tare da na duba ba.

Kwamfuta ta gargaɗe ni, wannan ba zan yi mata ƙarya ba. Ta rubuta cewa duk abin da ke kan faifan zai goge, ta tambaya ko na tabbata. Ni da nake yi wa masu kawo gyara faɗa a kan wannan tambayar, na danna eh ina fito. Na zuba wasanni har faifan ya kusa cika. Kwana shida muna bugawa ni da 'ya'yana, har maƙwabcina mai sayar da albasa ya zo ya sha kashi ya tafi yana cewa sandar ce ba ta da kyau.

Rana ta bakwai da hantsi na sayo sabon memori, na jona faifan da ya rage a tebur. Na buɗe, ba komai sai tsofaffin takardun albashin ofishin nan. Na cire na sake jonawa. Na canza wayar jonawa. Sai na juya na kalli akwatin wasan, mutum biyu suna tsalle suna naushin juna a gilashi, na gane a kan faifan Malam suke. Na fisge wayar wuta daga bango. Na zauna a ƙasa, ga farin ƙyallen a gefen tebur na riga na goge hannun mai da shi.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Ba dukan kowa nake tsoro ba, fuskar Inna nake gani in na ce mata babu. Na san aikina: abin da aka goge yana iya dawowa, amma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi. Duk da haka na sa manhajar tono ta fara bin faifan lungu-lungu. Ta nuna sai ta kwana biyu. Wayata na ƙara sai in duba ko Inna ce. Matata ta ajiye tuwo ta ɗauke shi yadda ta kawo, ta tambaye ni ko wani ne ya rasu, na daka mata tsawa ba laifin tsaye ba na zaune.

Ban iya zaman jira ba, na hau babur na shiga neman tsofaffin ɗaliban Malam. A Ambursa na tarar da ɗaya a fadama, ruwa har gwiwa. Ya ce nasa kasusuwan ai mu ya ba bayan rasuwa, ko na manta? Washegari na tafi Gulma, na ratsa ta Argungu ina sunkuyar da kai kamar ɓarawo kada wani na gida ya gan ni. Dattijon ɗalibin da na samu a can ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da kaset ɗaya mai rubutun ajami a jiki. Muka sa a rikoda. Jikokinsa sun ɗauki waƙar biki a kai tun daga farko har ƙarshe. Ya tambaye ni lafiya dai, na ce lafiya lau, marmari ne kawai.

Da na dawo manhajar ta gama. Ta tono gutsattsari masu yawa, na bi su ɗaya-ɗaya, wasu shiru, wasu ƙara kamar ana soya wake. Guda ɗaya tak ya yi magana, bai kai minti ɗaya ba. Na saurara sau ɗaya na kashe, don ban iya sake ji ba. Na zuba shi a memorin shi kaɗai.

Saura kwana biyu azumi na shiga mota zuwa Argungu. Hanyar da kullum nake ƙorafin tsawonta ran nan kamar an naɗe ta. Na yi ta shirya ƙarya: wuta ce ta ƙona shi, zafi ne, tsufa ne. Duk za su zauna, don babu mai ƙaryata ni a gidan. Sai dai azumi zan shiga, kuma ƙaryar a kan karatun Malam ce.

Na iske Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, Yaya yana gefe yana ɗaure bututun injin ban ruwa. Na durƙusa na gaishe su. Ta miƙo hannu.

“Ka zaka da shi?”

“Inna, akwai magana.”

Yaya ya ajiye abin hannunsa. “Mi ya hwaru?”

Na faɗa musu duka, har da wasan, har da tambayar da kwamfuta ta yi min. Ban ɗaga kai ba, ƙafar Inna nake kallo.

“Wasa?” in ji Yaya. “Karatun Malam ka shahe don wasa? Sau nawa ni ce maka ka aje shi wuri biyu?”

Da ya mare ni da na ji sauƙi.

“Babu ko ɗaya?” Inna ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Saura ɗan guntu, Inna. Ba karatu ba ne sosai.”

“Sa muna.”

Na sa memorin a rediyonta. Aka ji motsin takarda, Malam ya fara jan wani layi na Larabci, bai kai ƙarshe ba ya tsaya. Sai ƙwas-ƙwas kusa da rikodar, sannan muryarsa sarai, kamar yana zaune a kan tabarmar nan:

“Kai! Ɗauke hannunka ga abin ga. Komi ka gani sai ka taɓa?”

Ɗalibai suka yi dariya, aka ji gudun ƙananan ƙafafu, abin ya yanke. Duk mu ukun mun san wane yaro ne.

Yaya ya tashi ya fita, ko takalmi bai sa daidai ba. Inna ta jawo rediyon jikinta ta ce in sake sawa. Na sake. Ta ce in ƙara. A na ukun hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Ina jira ta yi faɗa ko ta ce ta yahe, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambayi wane maɓalli ke mayar da shi farko, na nuna mata, ta koma kan shinkafarta.

Akwatin wasan yana nan a kusurwar shago, na juya fuskarsa bango. Yara sun roƙa sun gaji. Yaya ya yi wata uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Matarsa ce ta gaya wa matata cewa azumin nan duka, in an yi la'asar, Inna takan shimfiɗa tabarma kamar yadda ta saba, ta kunna guntun nan, ya ƙare ta mayar, har a kira magariba.

Har yau in na je gaishe ta rediyon yana kusa da ita. Wani lokacin tana amsa gaisuwata yatsanta na kan maɓallin, ni kuma ina durƙushe, ina jiran Malam ya ce in ɗauke hannuna.