Baƙar wuƙar Inna

Tun da na yi wayo nake ganin wuƙar nan a madafar Inna a Dogon Dutsi, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, bakinta kaɗai ke haske. Daga Lugu ta zo da ita, gadon mahaifiyarta ce, wadda 'yar bori ce har ta koma ga Allah. Damana nawa ta wuce, ban taɓa ganin tsatsa a jikinta ba.

Yayana, da ya fara zama wurin wa'azi da abokansa 'yan kasuwa, wata rana ya ture kwanon tuwo.

"Inna, baƙin nan jinin yankan iskoki ne ya bushe. Ba ni ƙara cin abin da yuƙar ga ta yanka."

Na ce, "Kai Yaya, ji tsoron Allah! Da ita aka yanka duk albasar da ta yi maka wannan wuyan." Ko kallona bai yi ba. Ya koma cin garin rogo a shago, Inna kuwa kullum ta zuba masa tuwo, ya kwana a rufe.

Da abin ya ishe ta, sai ta miƙa masa wuƙar. "Wanke ta yadda ranka ke so." Ya zauna da yashi da toka ya dirje ta har ta yi fari fat, irin na wuƙaƙen zamanin nan na ƙarfen inokis masu ƙyalli da yake sayarwa a shagonsa. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Ruwan sama na sauka, wuƙa ta wayi gari ja jawur. A goge tsatsar, gobe ta dawo. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kama baki: doguwa ce, iskar da ke cikin wuƙar, ta yi fushi, an tuɓe mata riga. Yaya ya ce ƙazantar ce ke fitowa daga ciki. Ni kuwa kaina ya ɗaure. Ga inokis fara tas, tana kwana cikin ruwan wanke-wanke lafiya lau. Ga wannan ita ma fara, tsatsa na cinta kamar gara. Fari da fari ba ɗaya ba ne?

Na kai wa wani maƙeri wuƙar ranar kasuwar Kore Mairuwa. Ya juya ta ya yi tsaki. Wai man gyaɗa ake shafawa a ƙona bisa garwashi, shi ne baƙin da ke tare damshi, yashi kuma ya bar mata zane-zanen da ruwa ke maƙalewa. Ƙarfen inokis daban ne. Na ce to ba iskoki ke nan? Ya ce shi ƙarfe ya sani, ban da abin da tsohuwar, wato kakarmu, ta faɗa lokacin da take ƙonawa. Ka ji fa, ya ƙara dagula ni.

Na dawo da saurina na kwashe labarin mai na faɗa wa Inna. Tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni na riƙe ma innata kwanon man ran da ta ƙona ta."

Raina ya ɓaci sosai. "Kin sani, Inna? Kika bari ya lalata abu guda da ta bar miki?"

Ta karɓi wuƙar, ta shafa ramukan da tsatsa ta ci da ɗan yatsa, ta jima tana kallo.

"Ya ci tuwon ko bai ci ba?"