Takardar da Ta Rage a Tsakiya

Littafin rubutu ɗaya muke da shi ni da Yaya, kuma ba don mun kasa sayen na biyu ba. Haka muka saba yin komai. A gonar audugarmu da ke gefen hanyar Kafur, shi yakan kama kunya daga gabas, ni in kama ta daga yamma, da nufin mu haɗu a tsakiya. Ba mu taɓa haɗuwa a tsakiyar ba. Kullum sai ya wuce ta ya same ni a ɓangarena, ya dafa fartanya ya ce, "Auta, noma kake yi ko sosa wa ƙasa baya?"

A ƙarshen shekarun saba'in aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren ƙauyenmu, bayan an gama cirar auduga. Muka shiga tare. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, shi kuma ya girme ni da biyar. Bayan la'asar muke zuwa, mu zauna a bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Malaminmu haihuwar Funtuwa ne, iyayensa mutanen kudu ne masu sayar da atamfa a kasuwa. Da keke yake zuwa mana daga Malumfashi.

Ran farko Yaya ya buɗe littafin daga dama, yadda ake buɗe littattafan makarantar zaure.

"Ai ta baya ka fara," in ji Malam.

"To ta zo gidan sauƙi, Malam. Ni in taho daga nan, Auta ya taho daga can."

Aji ya kwashe da dariya, Malam ya ƙyale mu. Biro ma ɗaya ne, in ya gama ya miƙo mini. Yaya yana danna shi da ƙarfi, har Malam yakan ce masa, "Sassauta hannu, takarda ce, ba fako ba."

Da zafi ya shigo karatun ya zo ƙarshe. Malam ya ba mu aiki na ƙarshe: kowa ya rubuta abu biyu game da rubutunsa, abin da ya iya da abin da bai iya ba. Ya ce wanda bai cika biyun ba, ba shi da takardar shaida. A lokacin takarda ɗaya tak ta rage fara a tsakanin rubutuna da na Yaya. Fuska ɗaya tawa, ɗaya tasa.

Ran Litinin Yaya ya fara nasa a cikin aji, ina leƙe ta kafaɗarsa. Ya rubuta cewa hannunsa ba ya rawa, yana rubuta sunansa ba tare da ya dubi allo ba, kuma yanzu yana karanta lambar sikeli a kasuwar auduga. A layin ƙarshe na shafin ya sa kan magana: Abin da ban iya ba. Sauran sai a fuskarsa ta farar takardar. Daidai nan Malam ya ce a tashi, magariba ta kusa. Yaya ya rufe littafin ya ba ni tare da biron.

"Wannan sai na yi dogon tunani," ya ce. "Da wuya a samu."

Ran Talata ya tashi da ciwon kai, kafin rana ta yi tsaka wuyansa ya sandare. Sanƙarau na yawo a ƙauyuka a bazarar nan. Muka sa shi a mota zuwa asibiti a Malumfashi. Ran Juma'a da hantsi ya cika.

Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Bayan addu'ar bakwai mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta.

"Auta, takardar nan da za a ba ku, akwai sunan mutum a jiki?"

"Akwai, Inna."

"To ka karɓo mini ta yayanka. Ko ban iya karantawa ba, zan san shi ne."

Na je na sami Malam. Ya zo mana gaisuwa har sau biyu, na san abin ya taɓa shi. Ya ce ba shi kaɗai ke dubawa ba, ana tattara littattafan a kai ofis, aikin da bai cika ba kuwa ba a ba shi takarda. Sai ya rage murya.

"Hannunku ya yi kama. Layi biyu ne kawai. Ni ban ga komai ba."

Alheri yake nufi. Amma abin da yake so in rubuta aibin mamaci ne. Ranar jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe wa Yaya, duka muka ce mun yafe, da bakina na faɗa. A wurinmu daga nan ba a ƙara ambaton gazawar mutum, babba ko ƙarama. Na san inda Yaya yake kuskure. Ba ya raba kalmomi, ba ya sa aya. Amma in zauna in jera su, da sunansa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Na ɗauki biro sau da yawa ina ajiyewa.

Ran Alhamis za a karɓi littattafai. Ran Laraba bayan azahar na tafi gona da littafin, na zauna ƙarƙashin ɗorawar da muke cin abinci. Gonar fayau take, sai busassun itatuwan auduga. Babu iska, babu kukan tsuntsu. Na ce bari in fara gama nawa tukuna.

Ban yi kalma uku ba biron ya fara tuntuɓe, kamar fartanya ta gamu da saiwa. Na shafa takardar da yatsa. Akwai tudu-tudu a jikinta, layi-layi, an turo su daga ɗaya fuskar. Na juya. Fuskar Yaya fara ce fat, babu ɗigon tawada. Da na karkata ta ga rana sai na ga duk an sassaƙe ta.

Na koma gida, na lakato baƙin tukunya a gindin tukunyar Inna, na shiga zaure na shafa a hankali. Haruffan suka fito farare cikin baƙi, a manne da juna, babu aya. Na daɗe kafin in raba su.

"Ban iya jira ba. Ina gama layi kafin Malam ya gama faɗa, shi ya sa nake kuskure. Kullum ina riga Auta isa tsakiya. Shi yana yi a hankali, nasa ya fi kyau. Kada ya yi sauri don ni."

Na yi shekaru ina juya wannan. Mai yiwuwa ne a daren Litinin ɗin ya ɗauki littafin ban sani ba, biron ya ƙi ba da tawada, shi kuma ya ci gaba da dannawa, don halinsa ne. Haka nake faɗa wa wanda ya tambaya. Sai dai littafin yana cikin jakata, a rataye a ɗakina. Biron kuma bai taɓa ƙin rubutu a hannuna ba. Sannan washegarin jana'iza na buɗe wannan fuskar, na daɗe ina kallonta, na shafa ta da tafin hannu. A tunanina sumul take. Amma mai baƙin ciki ba ya rantsuwa a kan tunaninsa, ni ma ban rantse ba.

Na yi masa addu'a a inda nake zaune. Sannan na juya na ƙarasa nawa, ina ɗora biron sama-sama don kada in ɓata masa. Na rubuta cewa ina raba kalmomi, ina sa aya. A ƙarƙashin abin da ban iya ba na rubuta cewa ban san inda zan tsaya ba idan babu mai tahowa daga can.

Ran Alhamis Malam ya buɗe littafin ta dama. Ya karanta, ya bi layukan da yatsa, baƙin ya kama masa fata.

"Kai ka yi wannan?"

"Baƙin tukunyar ni na shafa, Malam."

Ya dube ni, ya sake duban takardar. Bai ƙara tambaya ba. Ya ciro jan bironsa ya sa maki a can gefe, inda ba zai taɓa haruffan ba.

"Aiki ya cika," ya ce.

Littafin ya tafi ofis tare da sauran, bai dawo ba. Takardun shaida suka iso da ruwan fari, guda biyu. Na kai wa Inna ta Yaya. Ta goge hannunta a zani kafin ta karɓa, ta ce in nuna mata layin da sunan yake. Na nuna. Ta ɗora yatsa a ƙarshensa, ta dama, ta taho da shi a hankali zuwa hagu. Ban gyara mata ba.